Woody Strode: Hollywood ce ta yi watsi da shi har kabari?

Sadiƙu: Jama'a, ni dai na tsaya a kan magana ta. Woody Strode, ɗan fim ɗin Amurka, ya yi shekara da shekaru a fim ɗin kaboyi, amma da ya rasu ranar 31 ga Disamba 1994, ba a kai shi maƙabartar taurarin Hollywood ba. Baƙar fata ne, shi ya sa.

Kawu Habu: Haba ɗana, ka binciko tukuna. A Riverside National Cemetery yake, a Kalifoniya, maƙabartar sojoji ce. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, haƙƙinsa ne. A can wannan girmamawa ce.

Sadiƙu: To Kawu, na ji batun kabari. Fim fa? Kullum yaron jarumi. A The Man Who Shot Liberty Valance na 1962, bara ne ga John Wayne.

Anti Rabi: Nan kam Sadiƙu yana da gaskiya. Ko Sergeant Rutledge na 1960, da darakta John Ford ya ba shi rawar sajan da aka yi wa sharrin fyaɗe da kisa, fim ɗin sunan sajan yake ɗauke da shi, amma sunan Jeffrey Hunter, farar fata, aka rubuta a sama a jerin 'yan wasa.

Kawu Habu: Hajiya, ki tuna shekarar. A 1960, baƙin mutum a tsakiyar fim ɗin kaboyi, yana kare mutuncinsa a gaban kotun soja? Ba ƙaramin abu ba ne. Kuma mutumin nan ya saba fasa ƙofa: a 1946 shi da Kenny Washington suka shiga ƙungiyar Los Angeles Rams, bayan shekaru ana hana baƙaƙe wasa a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Ku kalli farkon Once Upon a Time in the West. Yana tsaye a tashar jirgin ƙasa, ruwa na ɗiga a kan ƙwalƙwal ɗin kansa. Bai matsa ba. Ya sa hula, ruwan ya taru a bakinta, ya cire ya sha. Ko kalma bai ce ba, amma wa ya manta?

Anti Rabi: Ba a manta ba, Kawu. Amma minti nawa ya yi kafin Charles Bronson ya harbe shi?

Sadiƙu: Ƙarshen zance ke nan.

Kawu Habu: A'a. Jack Elam ma a nan ya faɗi, kuma farar fata ne. Kawo wata hujjar.