Kansar tumbi: an ɗaga aikin Baba saboda sakamakon jini

Mai jinyar Baba: Assalamu alaikum 'yan uwa. An tabbatar Baba na da kansar tumbi. Mun ɗauka nan take za a shiga aiki, sai likita ya ɗaga da mako biyu, wai wani furotin na jininsa da ake kira albumin 28 ne, na mai lafiya kuwa 35 zuwa 50. Ciwo na cin sa, mu kuma an ce mu je mu ciyar da shi. Hankalina ya ƙi kwanciya. Wanda ya taɓa shiga wannan hali don Allah ya yi magana.

Yayarku daga Kaduna: Wa alaikumus salam ƙanena. Haka aka yi wa maigidana. Albumin furotin ne da hanta ke yi, in ya yi ƙasa ɗinki ba ya saurin kamawa. Loma uku yake yi ya ƙoshi, sai na koma ba shi kaɗan-kaɗan sau shida a rana: kunun gyaɗa da madara, dafaffen ƙwai, alale, farfesun kifi. Ranar da ya shanye kofi guda, bayan ɗaki na zagaya na yi kuka.

Ma'aikacin jinya: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma bari in ƙara abin da na gani a jinyar mahaifiyata. Mun ciyar da ita iya ƙarfinmu, albumin ya ƙi tashi, domin kumburin da kansa ke haddasawa shi ma yana sauke shi. Shi ya sa ake haɗa shi da CRP, gwajin jini da ke nuna yawan kumburi a jiki. In CRP ya haura 10, albumin kuma ya gaza 35, ma'aunin Glasgow, wanda ke haɗa lambobin biyu, na nuna jiki ya jigata. A gwajin jini na gama-gari ma ana kwatanta fararen ƙwayoyin jini iri biyu, nutrofil da limfosait, don gane kumburin. Duk da haka, matakin da ciwon ya kai ya fi waɗannan lambobi nauyi. Kada ka ɗora wa kanka laifi in lamba ba ta motsa ba. Ni na ɗora, na daɗe ina jin zafinsa.

Wanda aka yi wa aiki: Shekara biyu ana ba ni maganin olsa, jinina na raguwa, ba wanda ya tambayi dalili. Ashe tsiyaya yake yi a ciki. An cire min tumbin gaba ɗaya, yanzu allurar bitamin B12 nake karɓa har ƙarshen rayuwa. Ɗana, a duba yawan jinin Baba shi ma.

Mai jinyar Baba: Allah ya saka da alheri. Babu CRP a takardarmu, gobe zan tambayi likita. Yau Baba ya ci rabin ƙwai.