Neman kalma: koren akwatin nan na bakin titi

Mai Fassara: Jama'a a agaza, ƙarfe 4 zan shiga situdiyo. Rahoto ne kan injiniyoyin Openreach, kamfanin layukan waya a Birtaniya, masu kula da street cabinet, inda kebul ɗin da ya taso daga cibiyar waya ke haɗuwa da wayoyin gidaje. Sai kuma line records. Me zan ce?

Hajiya Malama: Akwatin waya mana.

Ɗan Zazzau: Hajiya, mai sauraro zai ɗauka na jefa wasiƙa ne. Mahaɗar layuka ta fi.

Baban Rumbu: Rumbun waya! Akwati ba Hausa ba ce, daga Yarabanci muka aro ta. Sai yaushe za mu daina bara?

Ɗan Zazzau: To wayar da layin fa, Baba, daga Daura suka zo? Kuma rumbu ajiya ake yi a ciki. Wannan rarrabawa yake yi.

Baban Rumbu: Ku 'yan boko komai sai kun kushe. Shekaru nawa ina kawo kalmomi a nan, ba wanda ya taɓa ɗauka.

Tsohon Injiniya: Na yi aikin nan tun kafin a kafa kamfanin waya na Najeriya, NITEL, a 1985, kabinet kawai muke cewa. Amma ku duba kalma ta biyun, line records, ta fi nauyi. Kowane gida da tagwayen wayarsa na jan ƙarfe, kowanne da lambarsa a cikin akwatin. Layi ya lalace, ka mayar da mai gida kan wasu tagwayen da ba kowa a kai, ka manta ba ka rubuta ba. Gobe abokin aikinka ya duba takarda, ya ga wurin fayau, ya ba sabon kwastoma. Ka gyara ɗaya, an kashe ɗaya. Abin da ake sabuntawa kullum rajista ce, ba tarihi ba.

Mai Fassara: Madalla Baba, rajistar layuka ta zauna. Kabinet kuwa a rediyo za a zaci ministoci ne suka tsaya a titi.

Bamaraɗe: Mu a Nijar wa ya tambaye mu? Kullum Kano ke yanke hukunci.

Ɗan Zazzau: Ni dai ba Bakano ba ne. Kawo taka.

Hajiya Malama: Saura minti 20. Ka ce akwatin rarraba layukan waya a farko, daga baya akwatin kawai.

Mai Fassara: Ta yi tsawo, amma da ita zan shiga.

Baban Rumbu: Ku je. Ni a ajina rumbu zan ci gaba da cewa.