Dasashina na jini duk lokacin da na goge baki

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kusan wata biyu ke nan, in na goge baki sai in tofar da jini, musamman ta haƙoran gaba na ƙasa. Na sayi buroshi mai tauri, har gawayi nake haɗawa, amma abin sai gaba yake yi, ga baki ya fara wari. Yanzu ma na daina taɓa wurin. Don Allah a ba ni shawara.

Wani likitan haƙori: Wa alaikumus salam. Malam, daina goge wurin nan shi ya ƙara dagula lamarin. Wani farin datti ne mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, yake taruwa daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. In ya daɗe a wurin sai dasashi ya kumbura ya yi ja, ko rake ka sha sai ka ga jini a jikinsa. In aka ƙyale shi kuma ya daskare kamar tsakuwa, kuma bayan haƙoran gaba na ƙasa ya fi so, domin nan yawu ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin harshe. Ɗauki madubi ka leƙa. In ka ga wani abu rawaya-rawaya ya like a gindin haƙora, buroshi ba zai fitar da shi ba, sai an yi maka wankin haƙori da na'ura a asibiti. Masu cewa wankin yana sa haƙori girgiɗi ba su fahimta ba: dattin ne ya riga ya ci wurin, cire shi kawai ya tona ɓarnar.

Wata ma'aikaciyar lafiyar baki: Ɗan'uwa, ajiye gawayin nan, kankare jikin haƙori yake yi, kuma abin da ya kankaru ba ya dawowa. Nemi buroshi mai laushi, mai ƙaramin kai. Makilin kamar ƙwayar wake ya isa, amma duba jikin kwalin ka ga yana da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, an rubuta 1350 zuwa 1500 ppm. Karkata buroshin ya kalli dasashi, ka riƙa ɗan jujjuya shi a hankali, haƙori bibbiyu, ciki da waje, na minti 2 cur, safe da kuma kafin barci. Na daren ya fi muhimmanci, don yawu na raguwa in an yi barci. In ka gama ka tofar kawai, kada ka kurkure da ruwa. Tsakanin haƙora kuma zaren sakace, sau ɗaya a rana, ba tsinken tsintsiya ba. Kwanakin farko jinin zai ci gaba, kada ka tsorata; yakan ja baya cikin mako 1 zuwa 2. Buroshi a canza duk wata 3.

Wani mai ilimin magunguna: Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi yana rage kumburi. Chlorhexidine na kurkure baki ma yana aiki, amma kada ya wuce mako 2, yana dafar da haƙora. Kada kuma a danna asfirin a dasashi, ƙona shi yake yi. In kana shan amlodipine na hawan jini ko maganin tsinka jini, faɗa wa likita, don suna iya shafar dasashi, amma kada ka daina da kanka. In jinin ya ƙi tsayawa, a gwada maka suga.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Likita, asuwaki fa?

Wani likitan haƙori: Ci gaba da abinka, yana fitar da datti sosai in bakinsa ya yi laushi. Riƙa yanke inda ya tauno kullum, ka wanke, ka bar shi ya sha iska maimakon cusa shi aljihu da danshi. Sai dai ba shi da isasshen fuloraid, kuma da wuya ya kai bayan turame, don haka kada ya hana ka buroshin dare.