Musayar Waƙa: Kujerar Gefen Yaro

Malam Sani Ɗan Gulbi

Salamu alaikum. Maganar yau ta jirgin sama ce. Wasu kamfanonin jirage sun daɗe da wata ƙa'ida: in yaro na tafiya shi kaɗai ba iyayensa, ba a barin namiji baligi ya zauna gefensa, sai a tashe shi a sa mace. Ga baitocina. Amsa-amon "ra" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Mai riƙe sama ba ginshiƙi,
Na ɗau alƙalami, waƙa zan tsara.

Mutum ya biya kuɗin tikitinsa,
Ya hau jirgi, ya zauna kan kujera.

Bai yi wa kowa ko kallon banza ba,
Sai ga ma'aikaci a kansa yana kira:

"Tashi, Malam, ka ba wata wurinka,
Namiji ba ya zama kusa da yara."

A jirgin Ingila aka yi wa wani haka,
A 2009, ku matso ku saurara.

Mirko Fischer, mazaunin Luksambur,
Da matarsa mai ciki suka jera.

Ta so taga, ya ba ta, ya dawo tsakiya,
Ashe da yaro a gefe, rigima ta fara.

Aka ce ya tashi, jama'a na kallo,
Kunya ta rufe shi, ya rasa dabara.

Da ya sauka bai ce Allah ya isa kawai ba,
British Airways ya kai ƙara.

A 2010 kamfani ya amsa laifinsa,
Fam 750 diyya, ya yi nasara.

Kuɗin ma bai ci ko dala ba,
Ya miƙa wa ƙungiyoyin kula da yara.

To ni tambayata, mutanen Maraɗi:
Gemu laifi ne da za a ci shi tara?

Hajiya Ta-Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi ta maza, bari uwa ta amsa.

Malam, na ji kukanka, na gaishe ka,
Amma ka dakata, akwai saura.

Ka taɓa sa ɗiya a mota ita kaɗai,
Ka dawo gida, waya a hannu, kana jira?

Ni in zan aika Nana Yamai hutu,
Tun asuba ina tasha, ina lura.

Ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya,
Har in ga tsohuwa mai carbi da gora.

In durƙusa in ce, "Inna, ga jikarki,
Ga dala ɗari, a Ƙwanni ku sha fura."

Ban ce duk namiji mugu ne ba,
Amma uwa ba ta caca da yara.

Kai kunyar minti biyar ce ta dame ka,
Ka sauka ka manta, ka ci gaba da fira.

Yarinyar da aka taɓa cikin duhu,
Har ta tsufa ciwon bai jin gyara.

A masallaci ma sahu daban-daban ne,
Wa ka ji ya kai liman ƙara?

Ɗiyar Tibiri

Inna Hajiya, a gafarce ni, zan sa baki cikin ta manya.

Inna, sahun salla ba zargi cikinsa,
Ba a nuna mutum a ce shi ne kura.

Na jirgi kuwa ma'anarsa a fili take:
"Muna tsoronka, ja jikinka, gyara."

Boris Johnson na Ingila, tun bai zama firaminista ba,
Ya rubuta a jarida, 2006 ce shekara,

An zo raba shi da yaran da ke gefensa,
Alhali shi ne uban waɗannan yara.

A Ostareliya, 2012, ɗan kwana-kwana,
Mai faɗa wa wuta don ceto, ba ya jira,

Kamfanin Virgin ya tashe shi gefen yara biyu,
Na Qantas ya tashi ma'aikacin jinya, ya ƙara.

Mutanen da a ƙasa ake damƙa wa rai,
A sama an ce kar su kusanci yara.

Sannan ga wadda ba mu son faɗi, Inna:
Mai cutar yaro, da shi ake shawara.

Galibi dangi ne, maƙwabci, sananne,
Ba baƙon da bel ya ɗaure a kujera.

Hajiya Ta-Zariya

Ɗiyata, kin yi karatu, Allah ya ƙara sani. Amma kar ki ɗauka ba a ɓarna cikin jirgi. Hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, da kanta ta yi gargaɗi a 2018 cewa ana cin zarafin fasinjoji a sama, musamman a doguwar tafiyar dare, an rage fitila, kowa ya lulluɓa da bargo yana barci.

Ɗan gida na san shi, idona na kansa,
Baƙon sama fa, wa zai lura?

In dai kuskure za a yi, a yi kan babba,
Shi yana da baki, ba kamar yara.

Alhaji Tsohon Direba

Ni wannan "ra" taku ta fi ƙarfina, ku 'yan lakwal ne. Da tawa zan zo, wanda bai so ba ya sauka a tasha ta gaba.

Na yi tuƙin Yamai har kaina ya yi furfura,
Ku bar ni in sa baki a magana.

Yaron da aka kawo tasha shi kaɗai,
A hannuna ake ba da amana.

In rubuta lambar mai tarbarsa a takarda,
Da ta wanda ya kawo shi, da suna.

In zaunar da shi bayan kujerata,
Daidai inda madubi ke nuna.

Madawa, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso,
Kowace tsayawa sai na gan shi da idona.

In ya sauka fitsari, yaron mota na biye,
In sanyin asuba ya sauko, ga bargona.

Ban damu ko mace ce a gefensa ba,
Ko namiji, in dai ina ganin inda ya zauna.

Na ga mace mai lulluɓi har ƙasa,
Ta zare guzurin yaro da tsakar rana.

Ranar da mota ta mutu a dajin Dogon Dutsi,
Mai gemu ya yi gadin yara har fitowar rana.

Jirgi na karɓar kuɗin rakiyar yaro,
Ban da na tikiti, wannan ku tuna.

Sai a jingina shi ga wata baiwar Allah,
Ba a biya ta ba, ba ta ɗau amana.

In yaro ya ɓata, ni ake nema a tasha,
To a sama wa za a kama da suna?

Malam Sani Ɗan Gulbi

Alhaji ya karya amsa-amo da gangan. Tararsa shayin fada na yau, da sukari da na'ana'a, kuma har zagaye na uku. Amma ya taɓo inda nake so a taɓa.

Abin da Alhaji ke yi da madubinsa,
Shi British Airways ya koma ya tsara.

Bayan shari'ar nan, a watan Agusta,
Ya ware wa yara nasu jerin kujera,

Kusa da ma'aikata, ido na kansu,
Ba sai an kunyata wani ba a gyara.

Hajiya, tun ranar sayar da tikiti
Kwamfuta ta san inda aka sa yara.

A raba wuri tun can, shiru, ba hayaniya,
Ba sai an hau ba a zo ana ta kira.

Ɗiyar Tibiri

Baba Malam, baitoci ukun farko na sa hannu. Biyun ƙarshe kuwa a nan muka rabu. Kuma maganar ba ta mutu a 2010 ba. A Norwe, hukumar da ke sauraron ƙorafin wariya ta yanke cewa Air France ya nuna wariya ga wani mutum da aka tasa daga gefen yara biyu a jirgin Oslo zuwa Pari a 2022, aka sa mace a wurinsa. Kamfanin ya kare kansa da cewa maza ne suka fi yawa cikin waɗanda ake zargi da irin wannan laifi. Hukumar ba ta karɓi hujjar ba.

In na'ura ta raba a ɓoye, Baba,
Wariyar na nan, an dai hana ta ƙara.

Namiji bai san an yi masa zato ba,
Mace ba ta san an ɗora mata yara.

Ni na biya kuɗina daidai da naka,
Ban hau don raino ba, a bar ni in sarara.

Ma'aikacin da aka biya, shi ya matso kusa,
Gefen yaro a bar shi wayam, in da saura.

Ilu Mai Kilishi

Ina kwananku, manya. Duk kun ɗau abin da zafi. Bagobira, Ɗiyar Tibiri, ma har da hukuncin Norwe, ita da ko Madarunfa sai an raka ta.

Ni dai ku tashe ni, ban ƙi ba wallahi,
In dai gaba za a kai ni, babbar kujera,

Inda ake miƙe ƙafa a kishingiɗa,
A kawo nama, a ce ko a ƙara.

Wanda ya zauna gefen ɗan shekara bakwai
Ya san ba barci, tun tashi sai fira:

"Kawu, mun kusa? Kawu, ba ni tagarka,
Kawu, fitsari," har ka rasa dabara.

Amma ban da wasa, ga abin da nake tsoro,
Kar ɗabi'ar ta sauko mana nan, ta fara.

Namiji ya ga yaro na kuka bakin kwalta,
Ya kau da kai don gudun a kai shi ƙara.

Mu da muka tashi kowa ubanka ne,
Ya tsallakar da kai titi, ya saya ma fara.

Ɗiyar Tibiri

Yaya Ilu, wanda bai taɓa wuce Ɗan Isa ba shi ke zaɓen babbar kujera. Baitin kwalta dai na yarda da shi.

Hajiya Ta-Zariya

Ilu, Allah ya shirye ka. Alhaji, taka ta shige ni, ban ɓoye ba.

Na ji ta direba, na kuma auna ta,
Wanda aka damƙa wa ya fi sauyin kujera.

Amma ku sani, ranar da ba Alhaji,
Ba madubi, ba takarda, ba mai lura,

Tsohuwar nan dai zan nema da carbinta,
Malam ya kai ni kotu, ina jira.

Hutu ya ƙarato, Nana za ta Yamai,
Alhaji, a hannun wa zan tura?

Alhaji Tsohon Direba

Kawo ta tasha ranar da kika shirya, Hajiya, ki zo da lambar mai tarbarta a rubuce. Ɗana ke jan motar yanzu, ni na koya masa, kujerar bayan direba tata ce. Sai dai in faɗa miki tun yanzu kar ki zo ki ce ban faɗa ba: shi ma namiji ne, kuma gemunsa ya fi na Malam Sani tsawo.