A ce masa fim ɗin bakin daga

1/ Masu sharhin fim a Amurka suna ware wani rukuni da suke kira combat film, wato fim ɗin da ke bin ƙananan sojoji a inda ake gwabzawa. Shi muke nema wa sunan Hausa. Mu kuwa duk fim ɗin da aka ga kaki da bindiga, fim ɗin yaƙi ne kawai. Wannan suna ya yi faɗi. Fim ɗin Casablanca na 1942 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ake ciki, amma rabin labarin a gidan shaƙatawa yake, soyayya ce da neman takardar fita. Haɗa shi kwando ɗaya da Bataan zalunci ne.

2/ Ga abin da muke nema wa suna. A Bataan na 1943, mutum 13 aka bari a Filifin su hana sojan Japan wucewa ta wata gada. Ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saje kaɗai, yana cikin kabarin da ya haƙa wa kansa yana ɓarin wuta. An sa baƙar fata ɗaya a cikinsu, alhali a lokacin rundunar Amurka ba ta haɗa baƙi da farare. Sai 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin daina wariyar.

3/ Tsarin ke nan: 'yan tsirarun sojoji, kowa da garinsu da halinsa, saje mai zafin rai yana jan ragama, janar kuwa sai dai a ji labarinsa. Haka Sands of Iwo Jima na 1949 yake, inda John Wayne ya fito a saje. Da yaƙin Koriya ya zo, The Steel Helmet na 1951 ya bi sahu.

4/ An kawo "fim ɗin faɗa". A'a. Ka faɗi haka a gidan kallo, 'yan Cana da karate za a kawo maka.

5/ Wasu sun ce artabu, wasu gumurzu. Kalmomi ne masu daɗin baki, amma sun cika alkawarin abin da babu. A Walk in the Sun na 1945 yawancinsa tafiyar ƙasa ce: an sauke sojoji kusa da Salerno a Italiya, hafsansu ya jikkata tun kafin su taka tudu, suka yi ta takawa suna hira da zullumi kafin su isa gidan gonar da aka ce su ƙwace. A Battleground na 1949, sanyin garin Bastogne na Beljiyam da hazo da haƙa rami sun fi harbi yawa. Mai jiran gumurzu zai yi barci.

6/ "Fagen fama" ta kusa, sai dai 'yan siyasa da masu sharhin ƙwallo sun riga sun tatse ta.

7/ Ni dai bakin daga na zaɓa. Daga ita ce sahun mayaƙa, shi ya sa ake cewa an ja daga. Bakinta kuwa nan ne ƙaramin soja yake, ko ana wuta ko ana jira. Kalmar tana nuna wuri ne, ba ta yi wa kowa alkawarin harbi ba, kuma a labaran rediyo ana jin ta kullum, ba sai an yi bayani ba.

8/ Wani ya tambaya: na jiragen sama da na ruwa fa? Su ma su shigo, a ƙara "na sama" ko "na ruwa". Wanda ke ba da labarin mazan jiya bayan sun dawo gida kuwa, wannan ya zauna a fim ɗin yaƙi.