Yaya za a koya wa ɗalibai haƙƙoƙinsu na tsarin mulki a gidan adana kayan tarihi?

Malama daga Mabera:
Assalamu alaikum, iyayena da abokan aiki. Ina koyar da darasin haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa a ƙaramar sakandare a nan Sakkwato. Abin da ke damuna shi ne, ɗalibai suna haddace Babi na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, daga sashe na 33 zuwa na 46, su juye shi a takardar jarrabawa, amma idan aka tambayi yaro abin da zai yi in an kama yayansa an tsare, sai ya yi tsit. Muna shirin kai su Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, kuma ba na son irin ziyarar da aka saba, wadda yara za su bi layi suna kallon takubba da tsofaffin littattafai su dawo ba su ƙaru da komai ba. Wane aiki za su yi da hannunsu a can wanda zai haɗa tarihin da suke gani da haƙƙin da suke da shi a yau?

Tsohon malamin tarihi, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Ki fara da abin da yaran suka gada a gida. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa zaluncin da ya gani a wurin sarakunan zamaninsa, kamar kama dabbobin talakawa ba da izininsu ba don ɗaukar kayan sarki, da karɓar gaisuwa, da ɗora wa mutane harajin da shari'a ba ta ɗora musu ba. Ki rubuta kowane koke a kati guda, ki rubuta sassan Babi na Huɗu a wasu katunan, sannan ki bar yara su zauna a tabarma su haɗa kowane koke da sashen da ke maganinsa. Da kansu za su gano cewa jakin da aka kama yana ƙarƙashin sashe na 44, wanda ya hana karɓe dukiyar mutum sai bisa doka tare da biyan diyya, ita kuma gaisuwa tana karo da sashe na 36, wanda ya ce a saurari ƙara a gaban kotu mai zaman kanta marar son zuciya.

Bayan haka ki ba su alƙalamin kara da tawada, kowane rukuni ya rubuta takardar koke a kan wata matsala ta unguwarsu, da ajami ko da boko. Yaron da ya taɓa rubuta koke da hannunsa, tawada ta ɓata masa yatsu, ba zai ɗauki tambayar hukuma a matsayin rashin kunya ba.

Lauya daga Gawon Nama:
Malam, ina tare da kai, amma da sharaɗi. Kada a bar yara su tafi da tunanin cewa Daular Usmaniyya da tsarin mulkinmu abu ɗaya ne, domin ita daular ta tsaya ne a kan shari'ar Musulunci, shi kuwa kundin ya biyo ta tsarin Richards na 1946 da na Macpherson na 1951 har zuwa na 1979 da na 1999, kuma akwai abin da ya haramta, kamar bautar da mutane a sashe na 34, wanda ana yin sa a ƙarni na 19. Faɗa wa yara wannan ba ya rage darajar magabata.

Game da tambayarki, Malama, ki shirya musu wasan kotu. Ɗaya ya zama ɗan sanda, ɗaya wanda ake tuhuma, ɗaya alƙali, ɗaya tafinta. Sashe na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40. Yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya zaɓa. Ki sa mai wasan ɗan sanda ya karanta tuhumar da Turanci da gangan, ki ga ko akwai ɗalibin da zai miƙe ya ce ba a yi daidai ba. Kuma ki gaya musu gaskiya cewa maganar ilimi kyauta tana sashe na 18 ne a Babi na Biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya cire daga hurumin kotu, sai dai dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na farko.

Ma'aikaciyar adana kayan tarihi:
Roƙona shi ne a rubuto wa hukumar wurin tun da wuri, a kuma raba yaran ƙananan rukunoni. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu ba sa jure gumi da ƙura, don haka a yi aiki da kwafinsu, tawada kuma ta tsaya a farfajiya.

Aikin da na fi so a gwada shi ne zaɓen 1959. A wancan zaɓen kowane ɗan takara yana da akwatinsa mai ɗauke da alamar jam'iyya, NPC da fartanya, NEPU da tauraro, kuma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba. A yi akwatunan da kwali, a sa 'yan mata su tsaya gefe suna kallon maza suna zaɓar musu shugaba, sannan a sake zaɓen yadda aka yi a 1979, lokacin da matan Arewa suka shiga zaɓen tarayya kuma Alhaji Shehu Shagari ya ci. Sai a karanta musu sashe na 42 da ya hana nuna bambanci saboda jinsi ko addini ko ƙabila, a bar 'yan matan su fara faɗin yadda suka ji a tsayuwar.

Malama daga Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan yi aikin katunan da zaɓen a ranar ziyara, wasan kotu kuma in bar shi sai mun koma aji. Barista, ko za ka taimaka mana da fassarar sashe na 35 cikin Hausa mai sauƙi, wadda ɗan aji biyu zai karanta wa mahaifiyarsa ta gane?