Allspice ɗin da na shuka ya ƙi tsirowa, a taimaka

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwar maigidana tana aikin jinya a Jamaika, da ta zo hutu ta kawo min wani kayan ƙamshi wai shi allspice, su can pimento suke ce masa. Kamar masoro yake, amma ya fi girma kuma ba wutsiya. Na daka kaɗan na sa a farfesun kaza, uwar mijina da ba ta taɓa yabon girkina ba har ƙari ta nema. To yanzu ni da ƙanwar tasa ba ma ga maciji, kan kuɗin adashe ne, labarin da tsawo, ba zan roƙe ta ba. Na shuka rabin sauran a bokiti tun damina, ina ban ruwa safe da yamma, shiru. Ya zan yi?

Hajiya Binta: Wa'alaikumussalam. Ƙanwata, asara kika yi. Tun yana kore ake tsinke shi a shanya a rana har ya bushe, ta ina zai tsiro? Sai wanda ya nuna a bishiya, shi ma a shuka da wuri. Kuma sai ya shekara 5 ko fiye kafin ya yi 'ya'ya, akwai mace akwai namiji kamar dabino.

Ummu Sadik: Allspice ba haɗin kayan ƙamshi ba ne? Haɗa naki mana.

Hajiya Binta: A'a, ɗan itace ɗaya ne. Ƙamshinsa ne ya haɗa na kanumfari da kirfa da gyaɗar ƙamshi.

Anti Rabi: Hmm, dangin miji! Ni tawa turare ta kawo min, har yau gori take min. Kar ki roƙe ta wallahi.

Maman Ilham: Hajiya, ai cittar da na saya a kasuwa na shuka ta fito.

Hajiya Binta: Ɗanyar citta saiwa ce mai rai. Wannan kuma bishiya ce mai son ruwa da laima, hunturunmu zai wahalar da ita. Daka kirfa da gyaɗar ƙamshi da kanumfari kaɗan, ki huta.

Ummu Sadik: Ni dai a ganina ki kira ta ku shirya, zumunci ya fi farfesu.

Maman Ilham: Ita ta ci min kuɗi, ni zan kira? Bokitin dai ba zan zubar ba, jiya na ga wani abu kore ya leƙo.

Hajiya Binta: Ciyawa ce.

Anti Rabi: Turo hoto mu gani.